Hawan dutse: in biya koci ko in ci gaba da bin abokai?

Tambayar ta zo daga wani matashi a birnin Katsina. Kusan shekara guda ke nan shi da abokansa suna fita ƙarshen mako zuwa duwatsun wajen Dutsin-Ma, suna hawa don nishaɗi da motsa jiki, babu mai koya musu, babu kuma zauren hawa (ɗakin da aka gina bangon koyon hawa a ciki) a kusa. Ya ga wani koci ɗan ƙasar waje a Instagram yana sayar da tsarin atisaye na mako 12, yawancinsa na ƙarfafa yatsu da damatsa, ana biya da dala. Abokansa sun ce asarar kuɗi ce, hawa shi ke koya hawa. Sun ma sayo igiyar nailan a kasuwa za su fara gwada wurare masu tsawo. Ƙanensa ɗan shekara 14 kuma ya fara reto da yatsu a dokin ƙofa, yana kwaikwayon abin da yake gani a bidiyo. Matashin ya ce: in biya kocin, ko mu ci gaba yadda muke?

Ƙanena, dakata da sayen wannan tsari. Amma kafin abokanka su fara murnar sun ci gardama, gaya musu igiyar da suka sayo ta fi tayar mini da hankali nesa ba kusa ba. Tsarin kocin in ya yi muni ya ci maka kuɗi, ya bar ka da yatsa mai ciwo na 'yan watanni. Igiyar kasuwa a hannun wanda ba a koya wa ba kuwa, gawa take kawowa gida. Kun ɗauki lamarin a baibai: abin da lalle sai da malami kuna shirin koya wa kanku, abin da lokacinsa bai yi ba kuma kana shirin zuba masa dala.

Maganar abokanka ba ta rasa tushe ba. Chris Sharma, Ba'amurken da ya hau wata hanya mai tsananin wuya a dutsen Céüse na Faransa a 2001, an daɗe da saninsa da cewa shi ba mai bin jadawali ba ne, ya je dutse ya hau kawai. A dajin Fontainebleau da ke kudu da Faris an haura shekara 100 ana hawan ƙananan duwatsu, manya na miƙa wa na baya, da yawansu ba su taɓa biyan koci ko sisi ba. Sai dai ka duba inda mutanen nan suka tashi. Sharma ya fara yana ɗan shekara 12 a zauren hawa na garinsu Santa Cruz, inda ko ta ina ya waiwaya zai ga wanda ya fi shi sani. Wanda ya je Fontainebleau zai tarar da dattijo mai furfura ya haye dutsen da ya gagare shi, ya sauko ya nuna masa inda zai sa ƙafa. Abin da suke kira koyon kai a can cike yake da malamai, ba a dai biyansu ne. Irin karatun tsangaya ne: ƙolo na ɗauka a bakin gardi, gardi a bakin na gaba da shi, amma abin da ke hana karatun karkacewa shi ne akwai alaramma zaune, yana jin ɓata yana gyarawa. Ayarinku babu alaramma. Wanda ya fi sani a cikinku shi ne wanda ya fi kallon bidiyo, duk kuskuren da ya ɗauko kuma ku duka za ku gada, ku yi ta maimaitawa har ya zame muku jiki.

Na san sunan da ake jawowa a irin wannan gardama, wato Alex Honnold, wanda ya hau El Capitan a Amurka, dutse mai tsawon kusan mita 900, ba igiya, ranar 3 ga Yunin 2017, cikin ƙasa da awa 4. Gajeren bidiyo ba ya nuna cewa tun yana ƙaramin yaro yake zauren hawa, kuma hanyar nan ya sha binta da igiya har ya haddace inda kowane yatsa zai sauka a wuraren wuya, yana rubutawa a littafi. Da wuya ka sami hawan da aka yi wa shiri irin wannan.

To mu zo kan igiya, don nan ne ba na sassautawa. Ba ƙarfi kaɗai ake nema a igiyar hawa ba, ana neman miƙewa. In mutum ya faɗo mita 4 ko 5 igiya ta tare shi, dole ƙarfin faɗuwar ya tafi wani wuri. Igiyar hawa an saƙa ta yadda za ta miƙe ta shanye shi a hankali. Wadda ba a yi don haka ba, ko da ba ta tsinke ba, sai ta juye ƙarfin duka a ƙugu da ƙashin bayan wanda ya faɗo, da kuma abin da aka ɗaure ta a sama. Hukumar mahaya ta duniya, UIAA, wadda aka kafa a 1932, tana da gwajin da ake yi wa igiya kafin a sa mata tambari: a ɗaura mata nauyin kilo 80 a sake shi ya yi mummunar faɗuwa, sai ta jure aƙalla sau 5 a jere, fizgar da za ta yi a faɗuwar farko kuma kada ta wuce kwatankwacin nauyin kilo 1,200. Ƙugiyar ƙarfen da ake zura igiya a ciki, karabina, za ka ga an buga mata lamba da haruffan kN a jiki, 20 ko fiye, ma'ana tana ɗaukar wajen tan 2 a tsayenta. Igiyar ɗaure kaya a mota ko ta jan guga babu wanda ya yi mata irin wannan gwaji. Haka ƙugiyar rataya makulli mai kama da ta gaske, haka wadda mai walda zai lanƙwasa maka da rodi. Kayan gwanjo ma a bar su, domin nailan yana mutuwa da rana da tsufa da ruwan batir ba tare da ido ya gani ba, masu ƙera kayan da kansu sukan ce ko a ajiye yake kada ya wuce shekara 10. Todd Skinner, ɗaya daga cikin fitattun mahayan Amurka, ya mutu a kwarin Yosemite a 2006 saboda madaurin ɗamararsa, wadda mai hawa ke ɗaurawa a ƙugu a maƙala igiya, da ya tsufa ya tsinke yana cikin saukowa.

Ko kun sami kaya na gaske, da sauran rina a kaba. Akwai ƙullin da ake ɗaura igiya a ɗamara, mai siffar lamba 8. Akwai yadda mai riƙe igiya a ƙasa ke saki da janta ba tare da hannunsa na birki ya taɓa barinta ba. Akwai kafa maɗauri a sama a wuri biyu aƙalla, kowanne mai zaman kansa, don in ɗaya ya ci amana ɗayan ya riƙe, ga kare igiya daga gogar kaifin dutse, ga ƙulle ƙarshenta kada ta zare. Kowanne za ka iya kallonsa a YouTube ka ji kamar ka iya. Matsalar ita ce kuskure a nan ɓoye kansa yake yi. In ka aza ƙafa ba daidai ba, ka zame, dutse ya gaya maka nan take, ka gyara. In ka yi ƙulli ba daidai ba, yana iya riƙe ka yau, ya riƙe ka gobe, ka ƙara sakin jiki, sai ranar da ka faɗa masa da dukkan nauyinka. Lynn Hill, wadda ta riga kowa, maza da mata, hawan hanyar da ake kira Nose a El Capitan da hannu da ƙafa zalla, igiya don kariya kawai, a 1993, ta taɓa faɗowa fiye da mita 20 a Buoux ta Faransa a 1989, saboda hankalinta ya ɗauku ba ta ƙarasa ƙullinta ba. Rassan bishiya suka rage mata ƙarfin faɗuwar, da sauran shan ruwa a gaba. A lokacin tana cikin gwanayen duniya. Shi ya sa duk inda ake koyarwa da tsari, abin da ake fara cusa wa ɗalibi shi ne kafin ya bar ƙasa abokinsa ya taɓa ƙullinsa da ɗamararsa da hannu ya duba, shi ma ya duba na abokin, ko da sun yi sau dubu.

Wannan ilimi hannu da hannu ake karɓarsa, malami na tsaye a kanka, kocin Instagram ba zai iya ba ka shi ba ko da ya so. In akwai kuɗin kashewa, nan ya kamata su tafi. A ƙasar nan wurin da aka daɗe da sani da koyar da hawa da sauka da igiya shi ne makarantar tsauni ta Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci da ke duwatsun Shere kusa da Jos, cibiyar da ƙungiyar Man O' War ke ƙarƙashinta. Ku yi karo-karo ku tura mutum biyu, ko ku gayyato wanda ya iya ya yi muku 'yan kwanaki. Amma ku tantance abin da kuke nema, don wanda ya iya zurarowa daga saman dutse ba lalle ne ya iya tare mai faɗowa ba. Masu hawa ƙarfen sabis da 'yan kwana-kwana sun san ɗamara da ƙugiya sarai, za ku ƙaru da su wajen ladabin duba kaya, sai dai igiyarsu yawanci marar miƙewa ce, an yi ta don a rataya a yi aiki. Duk wanda zai koya muku ku tambaye shi a ina ya koya, wa ya koya masa, ku kuma ga tambarin da ke jikin kayansa. Ga wata matsalar ta duwatsunmu: da yawansu kansu sumul yake, ba bishiya mai kauri, ba tsaga mai kyau. Sai ka ga an ɗaura igiya a ɗan iccen da saiwarsa ba ta wuce taƙi ɗaya ba a cikin ƙasar da iska ta tara a kwarmin dutse. Huda dutse a kafa ƙusar ƙarfe aikin masani ne. Kafin a same shi, ku zauna ƙasa-ƙasa.

Zama ƙasa-ƙasa ba ci baya ba ne. Hawan gajerun duwatsu ba igiya reshe ne mai zaman kansa, har a gasar Olamfik, inda bangon bai wuce mita 4 da rabi ba, ga katifa mai kauri a ƙasa. Ku da ba ku da irin wannan katifa, ƙa'idar da nake ba masu farawa ita ce tafin ƙafar mai hawa kada ya wuce ƙugun wanda ke tsaye a ƙasa. A share wurin faɗuwa, a shimfiɗa katifa mai tauri, mutum ɗaya ya tsaya a baya hannuwa sama. Aikinsa ya kare kai da wuyan mai faɗowa ya karkatar da shi kan katifa, ba ya cafe shi ba. Ku yawaita tafiya a kaikaice, daga wannan gefen dutse zuwa wancan. A nan maganar abokanka gaskiya ce tsantsa. A shekara ɗaya ko biyu na farko babu abin da ke ƙara gwaninta kamar yawan hawa iri-iri, domin abin da ke kayar da sabon shiga, galibi, rashin sanin inda zai aza nauyinsa ne.

Duwatsun tsakiya da kudancin jihar nan giranit ne, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Ya sha rana da ruwa ya zama mai gangara, wurin kamawa kaɗan. Irin wannan dutse da ƙafa ake hawansa. Sabon shiga in tsoro ya kama shi sai ya kwanta wa dutsen, ya manna ƙirji, a zatonsa ya tsira, alhali a lokacin ne nauyinsa ke tura ƙafarsa baya ta zame. Abin da ake so ya miƙe, ƙugu a saman ƙafa, dunduniya ƙasa don tafin takalmi ya ci dutse sosai, taku gajere, tafin hannu don daidaita jiki kawai. Inda dutse ya tsaya ƙyam kuma sai a juya: ƙugu kusa da bango, hannu a miƙe maimakon a lanƙwashe yana ƙona tsoka, cinya ce ke turawa sama. Babu ko ɗaya cikin wannan da atisayen yatsu zai ba ka. Hasali ma wanda ya yi ƙarfin hannu da wuri yakan daɗe bai iya ƙafa ba, don duk inda ya maƙale sai ya fizgi kansa ya wuce, bai koyi komai ba.

Idon mai koyarwa yana da amfani a nan, ba na musu. Abin da za ka shekara ba ka gano ba yana iya nuna maka cikin minti 5. Amma kuskuren taku ba ya kisa in kana kusa da ƙasa, kuma akwai hanyar rage giɓin. Ku riƙa ɗaukar juna bidiyo ta baya da ta gefe, ku zauna ku kalla, kowa zai ga abin da bai san yana yi ba. Ku yi hawan shiru, wanda aka ji ƙarar takalminsa ya sauko ya sake. Ku kafa doka cewa duk abin da aka hau sai an sauko ta inda aka hau. Wannan ce na fi nacewa a kai, don tarkon dutse mai gangara ke nan: hawansa daɗi, sai mutum ya kai mita 10 ya waiwayo ya ga saukowa ta gagara, ƙafa ta kama rawa. Giranit kuma yana ɓamɓarewa falle-falle. Kafin ka dogara da wani ɓalli ka ƙwanƙwasa shi, in ya yi amon rami bar shi. Baƙin zanen da ke gangarowa a jikin dutse hanyar ruwa ce, da damina ko da raɓa santsinta ba a magana.

Yanzu yatsu. Tsokar da ke lanƙwasa yatsa da ƙarfi ba a cikin yatsan take ba, tana tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Jijiyoyi masu tauri ke tasowa daga can su bi ta tafi har kan yatsa, wasu 'yan zobba na nama mai tauri kuma suna danne su a jikin ƙashi. Likitoci sun ba zobban lamba. Na gindin yatsa shi ne A2, shi ya fi yagewa a wurin mahaya, musamman a yatsan tsakiya da na kusa da ƙaramin. Yakan faru in mutum ya ƙudundune yatsu a kan siririn gefe, ya ɗora babban yatsa a kan manuni, sai ƙafa ta zame nauyi duka ya faɗa wa hannu. Wani lokaci har ƙara ake ji, ɗas, sai kumburi ya biyo baya. Tushen abin shi ne tsoka tana ƙara ƙarfi cikin makonni, jijiya da zobban nan kuwa jini kaɗan ke isa gare su, watanni suke ɗauka, har shekaru. Mako 12 sun isa su ba tsokarka ƙarfin da zai yaga abin da bai ƙosa ba.

Ka kuma san waɗanda aka ƙirƙiri kayan nan dominsu. Allon katakon nan mai matakala da ake haurawa da yatsu zalla ƙafa na reto, Bajamushe Wolfgang Güllich ne ya kafa shi a 1988 a birnin Nuremberg, cikin shirin da ya kai shi ga hawan Action Directe a 1991, hanyar da ake rataya da yatsa ɗaya ko biyu a cikin ramuka. A lokacin ya haura shekara 10 yana hawa, yana kuma sahun gaba a duniya. Binciken da Eva López ta ƙasar Sifaniya ta wallafa a 2012 kan rataya a siririn katako, wanda masu tsara atisaye ke yawan kafa hujja da shi, a kan ƙwararru aka yi shi. Ga irin su Janja Garnbret 'yar Sulobeniya, da ta ci zinare a Tokiyo a 2021, karon farko da aka sa hawa a Olamfik, ta sake ci a Faris a 2024, koci da jadawali ba makawa. Sun ƙure dabara, abin da ya rage musu ɗan ƙarin ƙarfi ne da ake tatsowa da lissafi. Kai ba ka iso wannan gaɓa ba. Ban da haka, tsarin da kake son saye an rubuta shi ne don mai zauren hawa a unguwarsu, inda aka auna wuyar kowace hanya aka ba ta lamba. Kocin zai tambaye ka matakin da kake hawa, 6a ne ko 7a, kai kuwa duwatsun da kuke zuwa ba su da lamba. A kan zato zai tsara maka abu.

Batun ƙanenka ya fi gaggawa, ka hana shi yau. A ƙarshen ƙasusuwan yaro mai tasowa akwai faifan guringuntsi inda ƙashi ke ƙara tsawo, a maza ba ya gama rufewa sai wajen shekara 16 zuwa 18, kuma ya fi rauni a lokacin da yaro ke saurin tsawo, wato daidai shekarun ƙanen naka. Abin da zai ba babba ciwon jijiya, yaro tsagewar ƙashi yake ba shi, yawanci a gaɓar tsakiya ta yatsan tsakiya. Likitocin da suka bibiyi matasan mahaya a Jamus, irin su Volker Schöffl, sun daɗe suna gargaɗin a nisanta yara da allon yatsu da rataya da ƙarin nauyi har sai ƙashi ya rufe. Ciwon ba ya zuwa da faɗuwa ko ihu. Ɗan zafi ne a bayan gaɓa da kumburin da ke ƙaruwa a hankali, yaro ya ɓoye don kada a hana shi. In ka ga haka a kai shi asibiti a ɗauki hoto. Kada a kai wa mai ɗori ya ja, kada a ce targaɗe ne a shafa man zafi a ci gaba, don in aka bari yatsa na iya karkacewa har abada. Hawan kansa kada a hana shi. Ya hau masu sauƙi, masu manyan wurin kamawa, ya yi ta wasa. Yara sun fi mu saurin koyon taku.

Tsarin da kuke buƙata yanzu ba ya cin ko kwabo. Fita sau ɗaya a mako a yi awa 6 har hannu ya mutu ita ce gajeriyar hanya zuwa rauni. Gajerun fita 2 ko 3 da hutun kwana a tsakani sun fi, in nisa da kuɗin mota sun bari. In ba su bari ba, tsakiyar mako a gina jiki gaba ɗaya da gudu, da tsugunna-tashi, da dafa ƙasa ana tura jiki sama, da jan jiki a sandar ƙarfe da cikakken tafin hannu. Kowace fita a fara da minti 15 na ɗumama jiki da hawa mafi sauƙi, a gwada mai wuya tun da sauran ƙarfi, a tsaya kafin taku ya fara lalacewa. Ku ajiye littafi na ayari, ku riƙa rubuta kwanan wata, abin da aka hau, abin da ya gagara da inda ya gagara, da wanda ya ji ciwo a ina. Ku raɗa wa hanyoyinku suna, ku jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Bayan wata 6 littafin zai gaya muku ko kuna gaba.

Hunturu shi ne lokacin hawa a nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: dutse a bushe, tafi ba gumi, takalmi na kamawa, sai dai fata na tsagewa, a riƙa shafa man kaɗe da dare. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, dutse ya gasu tun hantsi, sai dai a fita bayan asuba a tashi da wuri. Kada a zura hannu a tsagar da ido bai ga cikinta ba, gidan kunama ne da kububuwa, ƙudan zuma kuma sun fi su haɗari ga wanda ke sama tunda ba wurin gudu. Sai abin da babu kocin waje da zai gaya maka. Ka san halin da yankunan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu suke ciki, Safana da Batsari da Ɗanmusa, har abin ya kan taɓo gefen Dutsin-Ma. Baƙin samari da jakunkuna a kan dutse suna ɗaukar hoton ƙauye daga sama, ko babu ɓarayin daji a kusa, mutanen gari da 'yan sintiri na iya yi musu wata fassara. A fara da gaida mai unguwa ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo ku, a tambayi inda ake zuwa da inda ba a zuwa, da inda masu fasa dutse ke sa nakiya. In suka ce kada a je, an gama magana.

Lokacin koci na zuwa in ka ɗore. Alamarsa ka yi shekara 2 ko fiye kana hawa a kai a kai ba ciwon yatsa, littafinku ya nuna wata da watanni kana wuri ɗaya, in ka kalli bidiyonka kuma ƙafa daidai, ƙugu daidai, yatsu ne kawai ke buɗewa. A lokacin ma kada ka sayi takardar da ake sayar wa kowa. Nemi wanda zai fara da tambayar shekarunka, da raunin da ka taɓa ji, da irin dutsen da kake hawa, da kayan da ke hannunka, ya nemi bidiyo da littafin nan, ya kuma yarda ya sauya tsarin in ka ce masa yatsa na ciwo ko azumi ya kama. Wanda ya yi maka alkawarin matakin da za ka kai cikin mako kaza tun bai ga hawanka ba, rabu da shi. In kuɗin na hannu yanzu, ka fara zuba kasonka na karo-karon koyon igiya, sai hular kwano ta hawa, sai takalmin hawa mai tafin roba mai kamawa. Naka ya kama ƙafa ba tare da ya nannaɗe yatsu har ciwo ba. Na ƙanenka kuwa kada ya matse ko kaɗan, ƙafarsa na girma, a riƙa duba shi kowane 'yan watanni.